Kart memwar ya ƙi aiki da Arduino: in sayi babba?

Arduino ƙaramin allon lantarki ne da ake loda wa shiri don ya sarrafa na'urori. Wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya rubuto: "Ina haɗa na'urar auna danshin ƙasa don gonar zogalen kawuna a Jiratawa. Arduino Uno gare ni, na sa masa kart memwar mai jiga 64, amma kullum sai ya nuna katin bai tashi ba. An ce in sayi mai jiga 128. In saya?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Girman katin ne ma ya jawo maka matsalar. Duk katin da ya haura jiga 32 yana fitowa daga kamfani da tsarin ajiyar fayil na exFAT, shi kuwa laburaren SD (shirin karanta kati) da ke zuwa da manhajar Arduino tsarin FAT16 da FAT32 kaɗai ya sani. Nemi mai jiga 4, 8 ko 16, ka yi masa format da SD Card Formatter a kwamfuta. Layi guda na adadi duk minti goma ba zai cika jiga 4 ba ko ka shekara ashirin. In kuwa ka nace sai wannan na hannunka, laburaren SdFat yana karanta exFAT, sai dai yana cin ƙwaƙwalwar Uno.

Kafin ka je kasuwa, duba wayoyinka. A Uno, cikin wayoyin da ke haɗa shi da katin, MOSI na ƙafa ta 11, MISO ta 12, SCK ta 13. Ƙafar CS, wadda ke zaɓar katin, ita ce ke yawan rikita mutane: misalan da ke cikin manhajar suna sa 4, kai kuma wataƙila ka jona a 10. Lambar da ke cikin umarnin SD.begin a shirinka dole ta zama ita ce inda wayar take. Wayoyin su zama gajeru, kamar taƙi ɗaya ko ƙasa. Sannan katin da volt 3.3 yake aiki, Uno kuwa 5 yake fitarwa. Saboda haka wajen sayen modul, wato allon da ake cusa katin a ciki, zaɓi wanda ke da ƴar guntuwar da ke sauke ƙarfin sigina. Wanda ba ya da ita yana iya kashe kati. Loda misalin CardInfo ka ga abin da zai faɗa. In ya ga katin amma ya kasa buɗe fayil, duba sunan: haruffa da ba su wuce takwas ba, ɗigo, sannan uku, kamar DANSHI.TXT.

Wani mai gyaran sola daga unguwar Zariya kuma ya ce: "Nawa yana buɗe fayil, amma in na cire katin sai in tarar babu komai ciki, wani lokaci kuma ya yi awa biyu ya tsaya. Katin ne jabu?"

Malam, mai yiwuwa ne, amma ka fara da shirinka. Arduino ba ya zuba rubutu a kati nan take; yana tara shi a ma'aji mai bayit 512, sai ka kira umarnin flush ko close yake tabbata a fayil. In kuran ya yanke kafin nan, rubutun ya tafi. Buɗe, rubuta, rufe, kowane zagaye.

Tsayawar nan kuwa abu biyu nake zargi. Uno na da kilobayit 2 kacal na RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, ma'ajin katin ya riga ya cinye rubu'i. Ka rage amfani da String a shirinka, ka sa rubutun Serial.print cikin F(), don kada su cinye RAM. Na biyu, kati yana fizgar wuta lokacin rubutu, har wajen miliamfiya 100, batirin da ya gaji ba ya iya ɗauka. Ƙara kafasita (ƴar na'urar da ke riƙe caji) kusa da modul ɗin yakan taimaka. Kuma kada ka bar akwatin a rana tsaka a watan Afrilu. Ka san zafin garinmu.

Batun jabu yana ƙona mini rai, don na taɓa rasa bayanan sati uku a kan katin da aka rubuta wa jiga 32 alhali bai kai ba. Tun daga nan ba na sa sabon kati a aiki sai na gwada shi da shirin kwamfuta H2testw, wanda ke cika shi dam ya sake karantawa. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya: in ya faɗi gwajin, za ka maido masa.