Za a iya satar muryar mawaƙi da kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mawaƙi ne a Zariya, ina waƙoƙin biki da na tallar kaya. Kwanan baya wani yaro a situdiyon da nake aiki ya saka tsohuwar waƙata a wata manhaja, sai ga muryata tana rera baitin da ban taɓa rerawa ba. A lokacin dariya muka yi, amma har yau hankalina bai kwanta ba. Yaya abin yake aiki, kuma akwai dokar da ta kare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kana da gaskiya da ka damu, domin murya ita ce jarin mawaƙi.

Abin da yaron ya yi mataki biyu ne. Da farko manhajar ta tace waƙarka, ta ware kiɗa da amshi gefe, ta bar muryarka zalla. Daga nan ƙirƙirarriyar basira ta saurari muryar har ta riƙe kamanninta: kaurinta, inda take karkarwa, yadda kake jan ƙarshen baiti. Mintuna kaɗan na murya mai tsabta sun isa a fara. Sai wani ya rera sabon baiti da bakinsa, na'ura ta cire launin muryarsa ta ɗora naka.

A nan nake so ka lura sosai. Na sha jin mawaƙanmu suna cewa Hausa ta fi ƙarfin kwamfuta. Idan ana maganar manhajoji irin su Suno da Udio ne, waɗanda ake rubuta wa baiti su haɗa waƙa daga farko har ƙarshe, akwai ƙamshin gaskiya, domin Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma kunnen Bahaushe yana saurin kama inda aka karya kalma. To amma a irin abin da aka yi maka, Bahaushe ne ya rera, shi ya ba da lafazi da kari daidai. Launin muryar kaɗai aka sauya. Saboda haka wahalar harshenmu ba ta kare ka daga wannan ba ko kaɗan.

Manyan mawaƙan duniya ma sun ɗanɗana. A watan Afrilun 2023 wani da ya ɓoye sunansa ya saki waƙa da muryoyin da aka kwaikwayo na Drake da The Weeknd, mutane suka yi ta saurare a TikTok da Spotify kafin kamfanin Universal, mai fitar da waƙoƙinsu, ya sa a sauke ta. Lamarin ya tona wani giɓi: dokar haƙƙin mallaka a yawancin ƙasashe baiti take karewa, da karin waƙa, da sautin da aka naɗa. Launin muryar mutum ba ya cikin jerin. Shi ya sa jihar Tennessee ta Amurka, inda birnin Nashville cibiyar mawaƙa yake, ta yi sabuwar doka a 2024 wadda ta ambaci murya ƙarara a cikin abin da ba a amfani da shi sai da izinin mai shi.

A Najeriya muna da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, tana kuma kare waƙarka da naɗinka. A ganina, ƙafar da za ka fi tsayawa a kanta ita ce an kwafi waƙarka ba da izini ba aka ciyar da na'ura. Idan abu ya kai ga kuɗi ko ɓata suna, ka nemi lauya ya duba takamaiman lamarin.

Ba na cikin masu cewa a la'anci fasahar baki ɗaya. Da irin wannan tacewar aka zaro muryar marigayi John Lennon, mawaƙin ƙungiyar Beatles ta Ingila, daga wani tsohon kaset, sauran 'yan ƙungiyar suka kammala waƙarsu ta ƙarshe a 2023 da yardar iyalinsa. Duk wanda ya taɓa jin kaset ɗin Mamman Shata da ya sha ƙura zai so a yi wa muryar nan da kalangun irin wannan gata.

Tsorona a wajenmu ya wuce na kuɗi. Ƙasa ce da waƙa take shiga siyasa da zambo. Ka kwana lafiya, ka tashi ka tarar da muryarka tana yawo a WhatsApp tana yabon ɗan takarar da ba naka ba, ko tana yi wa wani babba habaici. Kafin ka gama rantsuwa, sunanka ya riga ya ɓaci a gari.

Don haka ka koma situdiyon, ka zauna da mai shi da yaron cikin mutunci, a goge abin da aka horar da muryarka a gabanka. Nan gaba idan an gama aiki, ka karɓi muryarka zalla a filashinka, kar ka bar ta a kwamfutar kowa. Duk wanda zai ba ka aikin talla ko biki, ku rubuta a takarda cewa wannan waƙar kaɗai ya saya, ba a yarda a koyar da na'ura da muryar ba. In kuma ka ga an ɗora irin wannan a YouTube, tun 2024 suna karɓar ƙorafin wanda aka kwaikwayi muryarsa ko fuskarsa, sai ka shigar da naka ka ajiye asalin waƙarka a matsayin shaida.