Yarinya ta ce ba ta wasa da baƙa: me uwa za ta yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce 'yarki mai shekara 4 ta ƙi wasa da 'yar maƙwabta wai don baƙa ce, yayanta mai shekara 6 kuma ya ce mace ba ta zama likita, sai dai nas.

Kada ki dake su, kada kuma ki ce "kul, ba a faɗar haka" ki wuce. Duka da tsawa ba sa cire ra'ayi, sai dai yaro ya daina faɗa a gabanki. Dariya ma ta fi ɓarna, domin da manya sun dara, shi ke nan ya ɗauka ya burge.

Lura da bambancin launi ba laifi ba ne. Daga shekara 3 zuwa 6 yara na son ware komai gida-gida, kuma wajen shekara 5 zuwa 6 suka fi kafewa a kan "wannan na maza ne, wancan na mata". Amma hukuncin cewa fari ya fi baƙi, wannan tsinta suka yi. A shekarun 1940 a Amurka, masana halayyar ɗan Adam Kenneth da Mamie Clark sun ajiye wa yara baƙar fata 'yan shekara 3 zuwa 7 'yar tsana fara da baƙa, akasarinsu suka zaɓi farar.

Idan yarinyar da aka gaya wa maganar tana wurin, da ita za ki fara. Ki durƙusa, ki ce mata abin da aka faɗa ba gaskiya ba ne. Sannan ki ja taki gefe, ba a gaban mutane ba, ki tambaye ta cikin sanyin murya: "Me ya sa kika ce haka? A ina kika ji?" Ki saurara sosai. Wani yaron cewa zai yi baƙar fata dauɗa ce. Wannan gyaransa ba wuya: ku wanke hannu tare, ki nuna mata launi ba ya fita da sabulu, wani sinadari ne a fata mai suna melanin, kowa na da shi, na wani ya fi na wani yawa, kuma yana kare fata daga rana. Jimla biyu ko uku sun isa, doguwar nasiha ba ta zama a kan ɗan shekara 4. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, ki gaya mata da Hausa mai sauƙi, ki ba ta labarin Sayyidina Bilal.

Shi kuma yayan, gani ya fi masa ji. In kun je asibiti ki nuna masa likita mace da nas namiji, ki ba shi labarin Nana Asma'u da ta koyar da mata karatu. A rabon aikin gida a ba shi wanke-wanke wani lokacin, kuma duk wanda ya kira shi ɗan daudu saboda haka ki tsawatar masa nan take, ko da kawunsa ne.

Inda aikin ya fi wuya shi ne bakinmu mu manya. A gidan barka ana duba kunnen jariri a ce "wayyo, wannan zai yi baƙi". Ana kirarin farar mace alkyabbar mata, ana cewa "baƙa ce amma kyakkyawa", yara kuwa na gefe kunne a buɗe. Ki yi magana da kaka da goggo a keɓe, cikin ladabi, in ba haka ba kina gyara da safe ana warwarewa da yamma.

Za ta sake faɗa, ki sake gyarawa da kalmomi iri ɗaya ba tare da fushi ba. Amma idan ta fara ƙin launin jikinta, tana dirzar fata wurin wanka ko tana neman man bilicin, ki binciki abin da ake gaya mata a makaranta da Islamiyya, ki zauna da malamarta. Man kuma kada ya taɓa jikinta, da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, wasu har ƙoda suke lalatawa.