Iska za ta iya cajin batirin jirgin hobakraf na gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne, ina ƙera ƙaramin hobakraf mai ɗaukar mutum ɗaya, wato jirgin nan da fanka ke hura wa iska ta ƙasa har ya ɗaga. Ina so ya yi aiki da batir, in kuma ɗora masa farfelar iska ta riƙa caji yana tafiya. Zai yiwu? Wane batir zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Jirgin zai tashi, iska ma za ta yi maka caji, amma kada ka ɗora farfelar a kansa. Iskar da za ta juya ta lokacin tafiya batirinka ne ya samar da ita, kuma farfelar birki za ta zame wa jirgin, abin da ta ci ya fi abin da ta mayar. Wurinta kan dogon turke ne a tudu. Can za ka cika batir, ka ɗauko shi ka sa a jirgi.

Mu fara da abin da jirgin ke ci. A ce gindinsa falankin nan ne mai ƙafa 8 da ƙafa 4, kusan murabba'in mita 3, nauyinsa kuma duka, da kai da batir, kilo 150. Matsin iskar da zai ɗaga wannan bai kai yadda mutane ke zato ba, daidai yake da na ruwa mai zurfin santimita 5. Wahalar tana wajen iskar da ke tserewa ta ƙarƙashin siket, wato tamfol ɗin da ke zagaye da gindin jirgi. Kewayen falankin mita 7 ne da ɗoriya. In tazarar siket da ƙasa santimita 1 ce, iskar da ta haura kubik mita ɗaya ke fita kowace daƙiƙa, fankar ɗagawa kuwa za ta ja wat 1,200 ko kusa da haka kafin ta cike gurbinta. Rage tazarar zuwa rabi, cin wutar ma ya ragu da rabi. Shi ya sa muke cewa a ba ɗinkin siket lokaci fiye da komai: tamfol mai laushi da ke bin ƙasa, a haɗa gaɓoɓinsa da gam sannan a ɗinke. Jirgin da ya ɗaga sumul a kan siminti yakan zauna daɓas a kan tsakuwa ko ciyawa, dalilin ke nan. Ƙara wat 1,500 zuwa 2,000 na farfelar turawa, ka ga ana maganar wat 3,000.

Batirin lithiyam irin LiFePO4 mai bolt 48 da Ah 50 yana riƙe yunit 2.4, irin yunit ɗin mita, nauyinsa wajen kilo 25. Zai ba ka kamar minti 40. Batirin dalma na inbata kuwa, mai bolt 12 da Ah 100, huɗu za ka jera, kowanne kusan kilo 30, rabin wutarsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, ga shi in an ja wuta da ƙarfi yakan sare da wuri. Wannan ƙarin nauyi yana ƙara matsi, fanka ta ƙara ci. Ba ma ba da shawararsa. A bolt 48 za ka ja amfiya 60 da wani abu, don haka sa waya mai kaurin murabba'in milimita 16, da fiyus na amfiya 100 dab da kan batir, da makunnin da igiyarsa ke ɗaure a hannunka, in ka faɗo wuta ta yanke. Rufe farfelun da ragar ƙarfe gaba da baya.

Yanzu iskar. Lambar da aka rubuta a kwalin farfela, wat 500 ko 1,000, a iska mai gudun mita 11 zuwa 12 a daƙiƙa aka auna ta, irin wadda ke kaɗa manyan rassan itace. Ƙarfin iska kuwa in gudunta ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ne ke saura. Masanin kimiyya Albert Betz na Jamus ya kuma nuna cewa babu farfelar da ke kwasar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iska, ƙananan na gida da kyar suke kai 30. Farfela mai faɗin mita 2 a iskar mita 5 wat 60 zuwa 70 take bayarwa, wato awa 40 kafin ta cika batirin da za ka shanye cikin minti 40. A iskar mita 3, wat 15 ne kacal. Ko manyan injinan Lambar Rimi a Katsina sai da aka ɗaga su mita 55 sama, domin iskar kusa da ƙasa gidaje da itatuwa sun riga sun karya ta. Kai ma ka ɗaga taka ta wuce duk abin da ke kewaye da ita da mita 9 in hali ya yi, ka ɗaure turken da igiyoyin ƙarfe. In a arewa kake, haɗa da faifan sola biyu, kowanne mai wat 400, su kaɗai za su cika batirin a yini ɗaya, farfela ta taimaka da dare da lokacin hunturu.

Ga inda aka fi yin asara. Kwantirolar sola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ba ta farfela ba ce. Batirin lithiyam yana da allon tsaro a ciki da ke yanke caji da zarar ya cika. Faifan sola ko a jikinsa, amma farfela in ta rasa inda za ta zuba wuta sai ta yi ta gudu ba linzami, bolt ya haura ya ƙona kwantirola, ko fukafukai su tsinke. Nemi kwantirolar iska mai karkatar da rarar wuta zuwa wani abin ɗumama, kamar ƙarfen hita, ka saita ta ta fara karkatarwa kafin allon ya yanke. Sa kuma makunnin da ke haɗe wayoyi uku na farfelar wuri guda, shi ne birkinta. Ka danna shi tun hadari yana haɗowa, domin in guguwa ta riga ta kama ta, ba lallai ya tsayar da ita ba.