Na sayi wasan bidiyo da kuɗina, me ya sa kamfani zai iya kashe shi?

Tambaya: Malam, na ji an ce kamfani yana iya rufe wasan bidiyon da mutum ya saya, ko da faifansa na hannunsa. Gaskiya ne? In haka ne, me mutum ya saya ke nan?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma ya faru. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren motoci The Crew a 2014. A Disamba 2023 ya daina sayar da shi, ranar 31 ga Maris 2024 kuma ya kashe uwar garken da wasan ke dogaro da ita, wato babbar kwamfutar kamfanin da wasan ke haɗuwa da ita ta intanet. Daga nan ko kai kaɗai kake son yin tsere, wasan ba ya buɗewa. Faifan ya zama makullin ɗakin da aka riga aka rushe.

Abin da ka biya wa kuɗi lasisi ne, wato izinin amfani. Wannan doguwar yarjejeniyar da kowa ke danna "na amince" bai karanta ba, a cikinta aka rubuta haka. Kamfanoni suna cewa riƙe uwar garke na cin kuɗi, ga izinin amfani da sunayen motoci da waƙoƙi yana ƙarewa. Hujjar ba ta banza ba ce. Inda ban yarda da su ba shi ne, ai ba wanda ya ce su riƙe ta har abada. Ana cewa ne in za su tafi, su bar wasan yana aiki ba tare da su ba.

Wannan ce buƙatar gangamin Stop Killing Games (wato "a daina kashe wasanni"), wanda Ross Scott, mai tashar YouTube, ya fara a Afrilu 2024. Takardar koken da aka kai Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya kafin a rufe ta a ƙarshen Yuli 2025. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma, tun Janairu 2025 doka ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana cewa lasisi ake sayarwa. Sai dai kula: dokar ba ta hana rufe wasa ba, ta hana ɓoye gaskiya ne kawai.

Batun maido da kuɗi kuwa, ya danganta da kamfani da dokar ƙasar da ka saya. Kamfanin Sony ya janye wasan Concord mako biyu da fitowarsa a 2024, ya mayar wa kowa kuɗinsa, amma wasan da ya shekara goma ba a cika yi masa wannan karamci ba.

Kafin ka saya, duba bayan kwali ko shafin wasan. In an ce dole sai da intanet ko da kai kaɗai za ka buga, to ransa na hannun kamfani. Bayan surutu ya yi yawa, Ubisoft ya sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba intanet. Na farkon bai samu wannan gatan ba.