Yayana na da lalurar ƙwaƙwalwa, zai iya hawa jirgi zuwa Umara?

Tambaya: Likita, yayana yana da lalurar nan mai hawa da sauka: wani lokaci ya kwana yana surutu, wani lokaci ya shige ɗaki ya ƙi kula kowa. Sau biyu ana kwantar da shi a asibiti. Yanzu kusan shekara ke nan lafiyarsa lau, yana shan lithium. Babanmu ya biya masa Umarar azumi, amma Kawu ya ce kada a kuskura, wai da jirgi ya tashi zai birkice. Mene ne gaskiya?
Wata 'yar'uwa daga Kano

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. A gaya wa Kawu ya kwantar da hankalinsa, tashin jirgi ba ya birkita ƙwaƙwalwa. Abin da muke dubawa shi ne halin da mutum yake ciki a makonnin da zai yi tafiya. Wanda ciwonsa ke tashe, yana jin muryoyi, ko yana zargin ana binsa, ko yana maganar kashe kansa, ko bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, wannan a ɗaga tafiyarsa, don a sama babu inda za a kai shi, kuma kamfanin jirgi na da ikon hana shi hawa. Wanda ya shekara lafiya yana shan maganinsa kuwa, fasinja ne kamar kowa. Yana ci mini rai in ga an hana irinsa zuwa Ɗakin Allah saboda sunan ciwo kawai.

Daga Kano zuwa Jidda bai wuce awa biyar ba. Ni ba waɗannan awannin ke damuna ba, abin da ke gabansu da bayansu ne. Ga zaman jira a filin jirgin Malam Aminu Kano, wani lokaci har a kwana a kan kujera. An sauka kuma ga cunkoso, ga agogon Saudiyya da ya riga namu da awa 2, ga tarawihi da tahajjud. Ga mai irin ciwon yayanki, rashin barcin dare biyu ko uku ya isa ya tayar da ciwon, kuma da farko ba za a gane ba, sai a ce himmar ibada ce.

Sai lithium. Maganin nan ba ya shiri da ƙishirwa. In ruwan jiki ya ragu, kamar yadda azumi a zafin Makka kan jawo, sai ya taru a jini ya zama guba: hannu na karkarwa sosai, amai, gudawa, tafiya da tangaɗi. Ganin haka, a tsayar da maganin a nufi asibiti nan take. Kada kuma a ba shi ibuprofen ko diclofenac don ciwon ƙafa bayan ɗawafi, suna ƙara taruwarsa. Allah ya yi wa mara lafiya da matafiyi rangwamen azumi a Suratul Baƙara. Da ni ce zan zaɓa, da sai a mayar da Umarar lokacin sanyi.

In an tsaya a kan azumin, ya ga likitansa tun da sauran wata guda, a gwada jini da ƙoda, a ba shi takardar da ta faɗi ciwon da magungunansa, domin Saudiyya na da tsanani a kan magungunan da ake sa wa ido. Maganin ya zauna a jakar hannu cikin kwalinsa, har da rarar mako biyu. Babbar jaka tana iya sauka bayan mai ita da kwanaki. Kada a ɗura masa maganin barcin da bai taɓa sha ba don ya yi shiru a jirgi.

Kuma kada ya tafi shi kaɗai. A haɗa shi da wanda yake jin maganarsa, ɗakinsu ɗaya, wanda zai iya ce masa, “Yaya, yau a masauki za mu yi sallar dare, ka kwanta.”