Tambayi Likita: Raunin makamin nukiliya, lambarsa a fayil da yadda ake jinyarsa

Likita, ina aikin adana bayanan marasa lafiya a wani asibiti a nan Zariya. A kundin lambobin cututtuka na ICD-10 na ci karo da Y36.5, wai raunin makamin nukiliya a yaƙi. Yaya ake amfani da ita, kuma mu da ba mu da wannan makami me ya haɗa mu da ita? Daga wata ma'aikaciya, Tudun Wada.

Malama, kundin na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, don duk ƙasashe aka yi shi. Y36.5 ba ta faɗin ciwon da ke jikin mutum, musabbabinsa take faɗa, saboda haka ba a rubuta ta ita kaɗai, ba a kuma sa ta a gaba. Ki fara da abin da likita ya gani: ƙuna ce, karaya ce, ko cutar da tururin nukiliya ke haddasawa, wadda lambarta T66. Sannan Y36.5 ta biyo baya. Kundin da Amurka ke amfani da shi ya ƙara faɗaɗa ta: Y36.51 ƙarfin fashewar kai tsaye, Y36.53 zafin wutar, Y36.54 tururin kansa. Lamba ta gaba ita ke bambanta soja da farar hula, 0 soja, 1 farar hula. A ƙarshe sai harafi: A lokacin da ake tsakiyar magani, D zuwan bibiya, S larurar da raunin ya bari.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin cike takarda kawai. A Hiroshima da Nagasaki, biranen Japan da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a 1945, sankarar jini ba ta fara yawaita ba sai bayan kamar shekara 2, wasu sankarorin kuwa sai bayan shekara 10 ko fiye. Sojan da ya dawo da ciwo bayan ya yi ritaya, fayil ɗinsa ne shaidarsa. Faransa ta fara gwajin bam ɗinta na nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, abin da ya kai Nijeriya ga yanke hulɗa da ita a 1961. Amma dokar biyan diyya ga sojoji da mazauna wurin sai a 2010 aka yi ta, kuma mai nema sai ya tabbatar yana wurin a lokacin. Shi ya sa nake roƙonki, ko da ƙaramin hatsarin tururin nukiliya ne a wurin aiki, wanda lambarsa W88, ki tabbata an rubuta rana, wuri, nisan mutum da abin, da lokacin da ya fara amai.

Maigidana soja ne. Ya ce an koya musu kariya daga irin waɗannan makamai, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. In ya taɓa mutum, ana iya kusantarsa? Akwai magani? Daga matar soja, Basawa.

'Yar'uwa, Allah Ya kiyaye mana su. Ana kusantarsa, ana taɓa shi, ana jinyarsa. Wanda tururin ya ratsa jikinsa kawai ba ya shafa wa kowa komai. Abin gudu shi ne ƙurar da ta zauna a kaki da gashi da fata. Tuɓe kayan nan a ƙulle su a leda yana kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar. Sai wanka da sabulu da ruwa mai ɗumi, ba tare da dirzar fata da soso ba, kada a buɗe wa ƙurar hanyar shiga jiki.

Mu likitoci abin da zai kashe mutum nan take muke fara tarewa: zubar jini, toshewar numfashi, ƙuna. Yawancin ƙarfin bam ɗin a fashewa da zafi yake fita, don haka waɗannan raunukan su ne kan gaba. Ba a barin mai zubar jini a tsaya auna shi da na'ura. Daga nan muna kallon agogo. Wanda ya fara amai kafin awa 1 ya sha tururi mai yawa. Muna ɗibar jininsa a kai a kai cikin kwana 2 na farko mu ga yadda fararen ƙwayoyin jini ke raguwa, domin ɓargo ne ke fara jin jiki. Akwai wani lokaci mai ruɗi: majiyyaci ya warware, ya ci abinci, 'yan'uwa su ce a sallame shi, alhali bayan mako 2 ko 3 zazzaɓi da zubar jinin dasashi na tafe. A nan ake buƙatar ɗaki mai tsafta, ƙarin jini, maganin ƙwayoyin cuta da allurar filgrastim mai zaburar da ɓargo. Kuma ana rayuwa: a hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, cikin ma'aikata 134 da suka kamu da cutar tururin, 28 ne suka rasu a watannin farko.

Ina zaune a Samaru kusa da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. In sayi ƙwayar aidin, wadda ake sha idan tururin nukiliya ya bazu, in ajiye? Daga wani ɗalibi.

A'a, ɗana. Na'urar da ke can ta bincike ce, ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai ne kacal, tana aiki tun 2004, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfin haɗa bam. Ƙwayar aidin kuwa gaɓa ɗaya take karewa, wadda ke gaban wuya, mai kumbura ta zama maƙoƙo, kuma sai hukuma ta ce a sha.

Ni 'yan gwangwan ne suka fi tsaya mini a rai. A Goiania ta Brazil a 1987, masu tsintar ƙarfe sun fasa tsohuwar na'urar gashin sankara, suka sami wani gari mai walƙiya shuɗi, aka yi ta rabawa a gida. Mutum 4 suka mutu. In kana da ɗan'uwa a wannan sana'a, gaya masa duk ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, mai alamar fanka mai fukafuki uku a kan ruwan ɗorawa, kada ya fasa shi, kada ya sa a aljihu. Ya yi nesa da shi, ya sanar da 'yan sanda ko hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa.