Antimata da maganar wutar lantarki

Malam, ka ce ko antimata, wato kishiyar ƙananan ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa, zai iya ba mu wuta a Gusau mu huta da janareto. Gaskiya a'a. Ba haƙo shi ake yi kamar fetur ba, ƙera shi ake yi, kuma wutar da injinan ƙera shi ke ci ta ninka wadda za a samu nesa ba kusa ba. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba a ƙasar Switzerland ta fara haɗa antihaidurojin, wato antimata na sinadarin haidurojin, a 1995, amma duk abin da ta taɓa samarwa, ƙwan lantarki ɗaya zai kunna na 'yan mintoci.

Sai matsalar ajiya. Da ya taɓa kowane abu, ko iska ce, su duka sai su ɓace su koma haske. Ɗalibaina a Birnin Kebbi nakan ce su nemo min kwanon da za a zuba shi, nan aji ke yin tsit. Da maganaɗisu ake rataye shi a bututun da aka zuƙe wa iska. A 2011 an riƙe antihaidurojin sakan 1,000, kuma a lokacin babban labari ne.